Yadda jini yake bin huhu idan huhu ya kamu da ciwo mai tsanani

Aikin huhu shi ne haɗa iska da jini. A cikin huhun babban mutum akwai ƴan jakunkunan iska sama da miliyon 300. Kowace jaka tana kewaye da jijiyoyin jini waɗanda suka fi silin gashi siranta. Ɓangaren dama na zuciya yana tura jini zuwa huhu. A can jinin yake ɗaukar iskar oksijin, ya koma ɓangaren hagu, daga nan ya bazu cikin jiki duka.

Mu dubi mai noman albasa a Galmi. Idan fangali guda ya lalace, yakan toshe masa ruwa, ya juya shi zuwa fangalin da ke da amfani. Huhu ma haka yake yi. Idan wani sashe bai samun iska, jijiyoyin wurin suna tsukewa, jini ya karkata zuwa inda iska take. Masana biyu na ƙasar Suwidin, von Euler da Liljestrand, suka bayyana wannan a shekarar 1946.

Amma akwai ciwon da yake fin ƙarfin wannan dabara. Ciwon haƙarƙari mai tsanani yana kawo shi. Haka ma ƙwayoyin cuta da suka shiga jini, da masassarar cizon sauro mai tsanani, da hayaƙin gobara, da amai ko kananzir da ya faɗa cikin huhu. Likitoci a birnin Denver na Amurka suka fara bayaninsa a 1967, bisa ga majinyata 12. A lokacin annobar korona ta 2020, ya kashe mutane masu yawa.

Ga abin da ke faruwa. Bangon ƙananan jijiyoyi yana kumbura, ya fara yoyo. Ruwan jiki ya tsiyaya cikin jakunkunan iska, wasu su cika, wasu su manne. Kumburin yana hana jijiyoyin wurin tsukewa yadda ya kamata. Saboda haka jini yana ci gaba da bin sashen da ya cika da ruwa, ya fito kamar yadda ya shiga, ba oksijin. Wannan jini yana gauraya da mai kyau. Shi ya sa leɓɓa da harshen majinyaci suke yin duhu. Shi ya sa kuma wani lokaci ko an ba shi oksijin, sauƙin da yake samu kaɗan ne, domin iskar ba ta kaiwa inda jinin yake wucewa.

A wani sashen kuma akasin haka ne: iska tana shiga, amma ƴan gudajin jini sun toshe jijiyoyi. Hanyoyi sun ragu, sai ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turawa da ƙarfi. Bangonsa ba shi da kauri, ba a yi shi don wannan wahala ba, yana iya gajiya.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne dabarar kwanciyar rub da ciki. Jini ya fi bin bayan huhu. Idan majinyaci ya kwanta rigingine, nan ne ruwa yake taruwa, zuciya kuma ta danne wurin. Idan aka kifa shi, bayan huhu yana buɗewa, iska ta tarar da jini. A 2013 an ba da sakamakon wani gwaji da aka yi a Faransa da Sifen kan majinyata 466 da ke kan na'urar numfashi. Cikin waɗanda aka kifa, 16 bisa 100 suka rasu cikin kwana 28. Cikin waɗanda aka bari rigingine, kusan 33 bisa 100. Wannan aikin likitoci ne a babban asibiti, ba na gida ba.

Namu aikin shi ne lura da numfashi. Mu ƙidaya shi na minti ɗaya, yaro yana kwance bai kuka. Jariri ƙasa da wata 2, sau 60 ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara 1, sau 50. Daga shekara 1 zuwa 5, sau 40. Idan ya kai haka, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa lokacin da yake jan iska, mu kai shi gidan likita a ranar, kada mu jira ranar kasuwa. Yaron da ya sha kananzir kuwa, kada mu sa shi amai, domin a wajen aman ne kananzir yake samun hanyar shiga huhu.