Dubrovnik: Abubuwan Mamaki 14 na Birnin da Ganuwarsa Ta Tsoma Ƙafa a Teku

Da zarar zafi ya sauka a Turai, daga Yuni zuwa Agusta, makarantu sun tashi, ma'aikata sun ɗauki hutu, sai jama'a su yi ɗango zuwa bakin teku. Cikin wuraren da ke cika maƙil a wannan lokaci akwai Dubrovnik, tsohon birni a kudancin Kuroshiya, a gaɓar Tekun Adiriyatik, daura da Italiya. Yawancin baƙi kyan gani ke kai su: jajayen rufi, farin dutse, shuɗin ruwa. To amma abin da ke cikin birnin ya wuce kyau. Ya shafe ɗaruruwan shekaru yana ƙasa mai cin gashin kanta, Jamhuriyar Ragusa, 'yar mitsitsiya a tsakanin manyan dauloli, kuma dabara da tanadi ne suka raya ta, ba yawan mayaƙa ba. Ga shaidu.

1. Ganuwar da ake yawo a kanta
Tsawonta mita 1,940, ta kewaye tsohon garin ba tare da yankewa ba. A wasu wuraren tsayinta ya kai mita 25. Kaurinta ta ɓangaren tudu ya kai mita 6, ta ɓangaren teku kuwa bai kai haka ba, domin ta tudu aka fi fargabar hari. Yau tikiti ake saya a hau, kowa ya fuskanci gefe guda, a kewaya cikin kamar awa biyu. Inuwa ba ta da yawa a sama, saboda haka mai wayo da sassafe yake hawa. Idan ka leƙa dama, igiyar ruwa ce ke dukan dutse. Idan ka leƙa hagu, tsakar gidajen mutane ce, da shanya a kan igiya da tukwanen furanni a bakin taga.

2. Shugaban wata ɗaya
Shugaban jamhuriyar, wanda ake zaɓa daga cikin manyan gidaje, wata ɗaya tak yake yi a kan mulki. Cikin watan nan a fada yake zaune, ba ya fita sai da dalilin aikin ƙasa, kuma kowane dare ana rufe ƙofofin gari a kawo masa makullai. In ya sauka, sai bayan shekara biyu zai iya komawa. Ba su bari kujera ta ɗumama a ƙarƙashin kowa ba, balle ya fara ganin tasa ce.

3. Sansanin da aka gina da rauni da gangan
A wajen ganuwa, bisa wani ƙaton dutse mai tsayin mita 37, akwai sansanin Lovrijenac. Bangonsa da ke kallon teku ya kai mita 12 a kauri. Wanda ke kallon gari kuwa bai wuce santimita 60 ba. Dalili? In kwamandan sansanin ya yi tawaye, igwogin cikin gari za su farfasa shi nan take. Shi ma kwamandan duk wata ake canza shi.

4. Nan aka fara dokar killace matafiya
A ranar 27 ga Yuli, 1377, majalisar birnin ta yanke hukuncin cewa duk wanda ya fito daga ƙasar da ake annoba ba zai shiga gari ba sai ya yi kwana 30 a tsibirin Mrkan ko a garin Cavtat. Daga baya aka mayar da wa'adin kwana 40. Ba su rufe kasuwa ba, ba su kuma buɗe wa cuta ƙofa ba. Gine-ginen killacewa da suka yi a ƙarni na 17, Lazareti, suna nan a gabashin ganuwa, yanzu wasanni da nune-nune ake yi a cikinsu.

5. Kantin magani tun 1317
A cikin gidan ibadar 'yan ɗariƙar Faransiskan, kusa da ƙofar Pile, akwai kantin magani da aka buɗe a 1317, kuma har gobe ana sayar da magani a ciki. Yana cikin mafiya tsufa a Turai. A ɗakin tarihi da ke gefe an jera tsofaffin tuluna da turame da ma'aunan masu haɗa maganin dā.

6. Sun haramta cinikin bayi a 1416
Shekara kusan 400 kafin Ingila ta yi tata dokar a 1807, majalisar Ragusa ta hana fataucin bayi, ta kuma tanadi tara da ɗauri ga wanda ya karya. A 1432 kuma suka buɗe gidan renon jariran da aka yasar.

7. Sun sayi zaman lafiya da zinariya
Tun daga 1458 suka amince su riƙa biyan haraji ga Sarkin Santambul na Daular Usmaniyya ta Turkawa. Daga baya adadin ya tsaya a kan tsabar zinariya 12,500 kowace shekara, jakadu biyu ke kai wa. A madadin haka aka bar su da mulkinsu, aka ba fatakensu izinin ciniki a faɗin daular da rangwamen kuɗin fito. Birnin Kiristoci ne, amma jiragensa na sauke kaya a tashoshin Musulmi da na Kirista duka. Jamhuriyar ba ta faɗi ba sai da sojojin Napoliyon suka shiga a 1806, aka rushe ta a 1808.

8. Kyautar ƙasa da ta raba Kuroshiya biyu
Babbar kishiyar Ragusa ita ce Benis. Don kada su yi iyaka da ita, a yarjejeniyar 1699 suka bar wa Turkawa wani ɗan zirin ƙasa a Neum ya zama shamaki. Wannan ziri shi ne yau gaɓar teku ɗaya tilo da Bosniya ke da ita, kimanin kilomita 20. Saboda haka a dā mai zuwa Dubrovnik a mota daga arewa sai ya fita daga Kuroshiya, ya ratsa Bosniya, ya sake shiga. Sai a Yulin 2022 aka buɗe gadar Pelješac mai tsawon kilomita 2.4, wadda ta kauce wa wannan iyaka.

9. Ruwan sha kyauta tun 1438
Da shigarka ƙofar Pile za ka ci karo da wata ƙatuwar maɓuɓɓuga mai kubba, aikin wani magini ɗan Napoli mai suna Onofrio della Cava. Shi ya jawo ruwa daga wani marmaro mai nisan kilomita 12. Fuskoki 16 aka sassaƙa a jikinta, ruwa na fita ta bakunansu. Har yau da rana tsaka za ka ga baƙi sun yi layi da gorunansu, masu wanke fuska na yi, masu kurɓa na yi, ba mai karɓar ko sisi.

10. Rumbuna a cikin dutse
Ƙasar tasu duwatsu ce, ba ta noma abin da zai ishe su. Sai suka haƙa manyan ramuka 15 a cikin dutse, a ginin da ake kira Rupe, wanda aka kammala a 1590. A ciki hukuma ke adana alkama da sha'ir saboda fari ko ƙawanya. Sanyin ramukan ba ya canzawa rani da damina, hatsi ya daɗe bai lalace ba.

11. Gunkin da ke awon yadi
A tsakiyar dandalin gari akwai ginshiƙin Orlando, mutum-mutumin jarumi riƙe da takobi, tun farkon ƙarni na 15. Tsawon hannunsa daga gwiwa, santimita 51.2, shi ne kamun da hukuma ta amince da shi a kasuwa. An ma zana layin awon a gindin ginshiƙin, duk mai shakkar ɗan kasuwa ya je ya gwada.

12. Titin da asalinsa ruwa ne
Stradun, babban titin gari mai tsawon kimanin mita 300, dā mashigin ruwa ne da ya raba tsibiri da tudu, aka cike shi. An shimfiɗa masa farin dutse a 1468, kuma tafin ƙafa ya goge shi har yana ƙyalli da dare. Gidajen da ke gefensa kusan kamarsu ɗaya: shago a ƙasa, mazauni a sama. Girgizar ƙasa ce ta 6 ga Afrilu, 1667, ta rusa gari ta kashe dubban mutane, aka sake ginawa bisa tsari guda. An hana motoci yawo a tsohon garin. Kaya akan kai su a kura ko a kafaɗa.

13. Rufi kala biyu
Daga saman ganuwa za ka lura wasu rufin jawur suke, wasu sun koɗe sun yi ruwan ƙasa. Tarihi ne a rubuce. A yaƙin wargajewar Yugoslabiya an yi wa birnin ƙawanya, aka yi masa ruwan bama-bamai, mafi muni ranar 6 ga Disamba, 1991. Fiye da rabin gine-ginen tsohon garin sun sami rauni. UNESCO, wadda ta sa birnin cikin kayan tarihin duniya a 1979, ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari daga 1991 zuwa 1998. Jajayen rufin nan su ne waɗanda aka sabunta.

14. Tsibirin da ba a kwana
Tafiyar minti 15 a kwalekwale za ta kai ka Lokrum, tsibiri mai duhuwar itatuwa da ɗawisu ke yawo a sake. Yarima Maximilian na gidan sarautar Habsburg, wanda daga baya ya yi sarautar Mekziko, shi ya kawo kakanninsu. Baƙo ba ya kwana a can, jirgin ƙarshe na yamma ke kwashe kowa. Doka ce ta kare daji daga gobara, amma mutanen gari na haɗawa da labarin wasu malaman ibada da aka kora, waɗanda aka ce sun yi wa duk mai mallakar tsibirin baki.

Sabuwar ƙawanyar da birnin ke fuskanta yanzu ta masoya ce. Tun da aka ɗauki shirin Game of Thrones a lungunansa, baƙi suka ninka, gidaje suka koma masaukai, mazauna tsohon garin da suka kai kimanin 5,000 a 1991 yau ba su kai 2,000 ba. Hukumar birni ta taƙaita yawan manyan jiragen yawon buɗe ido da ke tsayawa a rana. Wanda zai je lokacin bikin wasanni na shekara-shekara, 10 ga Yuli zuwa 25 ga Agusta, wanda ake yi tun 1950, ya shirya wa cunkoso, ya kuma tuna cewa bayan kowace taga akwai mai barci.

Ita kuwa ganuwar, ba tsufa ne ya ƙyale ta ba. Wata ƙungiyar masu kishin kayan tarihin birnin, da aka kafa a 1952, ita ke kula da ita, kuma kuɗin tikitin masu hawa ke komawa gyara. Duk wanda ya ga yadda ruwan sama da masu ɗiban ƙasa da masu gini ke cinye badalar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya aza harsashinta shekara kusan 900 da suka wuce, ya san darasin. Ganuwa ba ta kare kanta. In ta gama tsare mutanenta, sai mutanenta su tsare ta.