Hular Kwano Ba Ta Dafa Ƙwaƙwalwar Kowa

Duk shekara da zarar bazara ta kama, wata tsohuwar magana sai ta dawo bakin masu babura: wai hular kwano tana dafa ƙwaƙwalwa, wai tana kawo sanƙo, wai duk wanda ya rufe jikinsa a wannan rana da gangan yake neman kashe kansa. Na gaji da jin wannan magana. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ba a bakin yara masu wasa da babur kaɗai take ba. Har magidanta da malaman makaranta da ma'aikata za ka ji suna maimaita ta, mutum ya rataye hularsa a kan madubi, ya sa singileti da silifas, ya ɗauko 'ya'yansa uku daga makaranta, yana cewa iska yake sha.

Kayan kariyar da ake nufi ba su da yawa: hular kwano, riga mai kauri mai dogon hannu, dogon wando mai ƙwari, safar hannu da takalmi sau-ciki. Kowa ya san su. Saka su ne ake gudu, kuma zafi ake fakewa da shi.

Zafi kam akwai shi, ba mai musu. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram, ma'auni kan wuce digiri 40 da tsakar rana. To amma a nan ne masu cire riga suka yi wa lissafi bahaguwar fahimta. Zafin cikin jikin mutum digiri 37 ne, na fatarsa kuwa bai cika wuce 34 ko 35 ba. Iska tana sanyaya ka ne idan ta fi fatarka sanyi, kamar yadda ake ji da safe ko lokacin hunturu. Idan kuwa ta kai digiri 42, ta riga ta fi fatar zafi, saboda haka duk wadda ta buge ka zafi take zuba maka. Ka ƙara gudu, ka ƙara yawan hucin da ke dukan ƙirjinka da damatsanka. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato da azahar a watan Afrilu ya san wannan iskar da ke busar da leɓe, ta sa ido yaji.

A irin wannan yanayi gumi kaɗai ya rage wa jiki ya sanyaya kansa da shi. Gumin yana fita, yana bushewa a kan fata, yana tafiya da zafi. Mai tafiya tsirara-tsirara a kan babur, guminsa yana ƙarewa ne wajen yaƙi da hucin iska da hasken rana da ke gasa fatarsa kai tsaye. Ba ya ma ganin gumin, domin kafin ya taru ya bushe, sai ya ɗauka lafiya lau yake, alhali ruwan jikinsa ne ke zurarewa. Daga nan sai ciwon kai, sai jiri, sai hankali ya fara rabuwa, hannu ya yi nauyin kama burki. Wanda ya sa riga mai dogon hannu mai haske kuwa ya tare rana, ya rage dukan iskar, guminsa yana bushewa sannu a hankali yana yi masa aiki. Yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa ke nan: tana tsattsafowa kaɗan-kaɗan, a inuwa, iska na shafa ta. Ai Buzaye da ke ratsa hamada daga Agadas zuwa Bilma ba mahaukata ba ne da suke naɗe kai da fuska da rawani, su zuba manyan riguna. Sun fi mu sanin rana.

Mu dawo kan hular da ake cewa tana dafa ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne kai yana gumi a cikinta, musamman idan an tsaya a cunkoso. Takura ce, amma ba cuta ba ce. Zafin ƙwaƙwalwa yana bin zafin jinin da ke zagaya ta ne, wato abin da zai cuce ta shi ne jiki duka ya ɗau zafi saboda rashin ruwa da daɗewa a rana. A cikin hular akwai farin soso mai tauri, irin wanda ake tallafe sabon talabijin da shi a kwali. Wannan soso ba ya barin zafin rana ya ratsa da sauƙi, kuma shi ne ke murƙushewa ya shanye bugu a maimakon ƙoƙon kai. Wanda ya fita da kai a buɗe shi ne rana ke duka a tsakiyar ka ba shamaki. Sanƙo kuwa yawanci gado ne. Ku duba dattawan unguwarku masu sanƙo, nawa ne a cikinsu suka taɓa sa hular kwano?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. A cikin masu babur, raunin kai shi ne babban mai kisa. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, na raunin kai kuma da kusan kashi 69. Mai gudun kilomita 50 a awa ɗaya, gudun da ɗan acaɓa ke ɗauka wasa ne, idan ya daki abu a tsaye tamkar ya faɗo ne daga tsayin mita 10, wato saman bene mai hawa uku. Ƙafa idan ta karye ana ɗorawa, a Asibitin Ƙashi na Dala ko a wajen masu ɗori. Ƙwaƙwalwa idan ta taɓu, sau da yawa mutum ya tashi ke nan ba magana, ko ba hankali, ko da farfaɗiya, iyali su yi shekaru suna jinya.

Mun daɗe muna wannan taurin kai. A ranar 1 ga Janairun 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano a Najeriya, sai ga 'yan acaɓa a Kano da wasu garuruwa sun kifa ƙwarya a ka, wasu robar fenti, har kafofin labaran duniya suka ɗauka ana dariya. Fasinjoji kuma suka ce ana tsafi da hular, wanda ya sa sai a juyar masa da hankali a yi masa fashi. Da wannan jita-jita ta tsufa, sai aka koma kan zafi. A ƙasar Biyetnam kuwa, inda babur ya fi mota yawa nesa ba kusa ba, ga zafi ga gumi, an tilasta dokar a watan Disamban 2007, mutane suka sa, har yau suna sawa, ba a ji ƙwaƙwalwar kowa ta dahu ba.

Akwai masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma da wannan ba a kafa hujjar sakaci. Manzon Allah (SAW), wanda ya fi kowa tawakkali, sulke biyu ya sa a ranar Uhudu, da kwalkwali a kansa. Baraden sarakunanmu ma a wannan ranar tamu suka yi yaƙi cikin lifidi. Kai da aka ba amanar jikinka da na fasinjan da ke bayanka, mene ne uzurinka? Gudun wuce sa'a, shan ƙwaya, lodin mutum huɗu da ramukan hanya duk suna da nasu kason a haɗurra, amma wannan zance ne na wata rana.

Yanzu ga abin yi. Ka sayi hular babur ta gaske, ba irin ta magina ba, wadda ba ta da soso kuma tana tashi da bugun farko. Ka zaɓi fara ko mai haske, mai kafofin shan iska a goshi da haɓa, ka buɗe su. Ka duba tambarin inganci, ECE ko DOT, a maɗauri ko a ƙeya, ka kuma danna soson da yatsa, domin jabu sun cika kasuwa. Ta kama kai daidai, ba ta rawa. Sannan ka ɗaure maɗaurin haɓa. Hular da ba a ɗaure ba tana riga mai ita isa ƙasa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ba ta tsage ba, don haka a yi hattara da ta gwanjo. Ka riƙa wanke ƙyallen ciki kana shanyawa, kuma ɗan siririn hankici a ƙarƙashinta yana tsotse gumi. Masu gudun ƙazantar hular haya ma wannan ne maganinsu.

Riga, idan da hali, a nemi ta masu babur mai raga-raga da ke shigar da iska, mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu. Idan babu, rigar jins ko kaki mai dogon hannu ta fi singileti sau dubu. A guji yadin roba, domin idan aka gurza shi a kwalta narkewa yake ya manne a ciwo. Kafin ka kama doguwar hanya, ka jiƙa rigar ciki da ruwa, ka ɗora ta waje a kai, ka bar iska ta ɗan riƙa shiga ta hannu. Za ka sha mamakin sanyin da za ka ji, in ta bushe ka sake jiƙawa. Hannu shi ke fara taɓa ƙasa idan aka faɗi, kwaltar azahar kuwa takan kai digiri 60, ga gurza ga ƙuna, don haka safar hannu ba ado ba ce. Silifas ba takalmin tuƙi ba ne. A sa sau-ciki mai rufe idon sawu, da dogon wando da zai kare ƙwauri daga salansa. Mai babbar riga ya tattare ta, hajiya kuma ta tattara hijabi da bakin zane kafin a tashi, domin taya da sarƙa sun sha fizgo mata ƙasa.

Ruwa kuma a sha shi tun kafin ƙishi, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Idan fitsari ya yi ja ko ya ragu, jiki ya fara kuka. Wanda ya yi gumi da yawa ya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Duk bayan awa guda a tsaya a inuwa, a cire hula, a wanke fuska da wuya. Mai azumi ya cika cikinsa da ruwa a sahur, ya yi tafiyarsa da sassafe, ya bar tsakanin sha biyu da la'asar in ba dole ba. Idan ka ga abokin tafiya ya fara sambatu, ko yana tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, ka kai shi inuwa, ka cire masa kaya, ka kwarara masa ruwa, ka yi masa fifita, a garzaya asibiti. Wannan ba aljanu ba ne, zafi ne, kuma yana kisa.

Shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa da kabu-kabu, ku da kuke karɓar kuɗin tikiti kullum, ku sa hula cikin sharaɗin shiga layi. Alhazan da ke ba da babura haya, ku haɗa da hula biyu, kuɗinsu bai kai na jinya ba. Uban da ya iya saya wa ɗansa babur ya iya saya masa abin da zai kare kansa. Ke kuma uwargida, idan maigida ya tura babur zai fita da kai a buɗe, ki miƙa masa hular, ko da zai yi tsaki.