Siffar Halitta da Saƙar Zaman Tare a Daji

A shekarar 1862 aka aika wa Charles Darwin, masanin halittu na Ingila, wani fure daga tsibirin Madagaska. Furen yana da bututu siriri mai tsawon kusan santimita 30, ruwan zaƙinsa kuwa yana can ƙurya. Darwin ya ce lalle akwai ƙwaron da harshensa ya kai wannan tsawo, ko da yake ba wanda ya taɓa ganinsa. A 1903 aka gano ƙwaron, wani irin malam-buɗe-littafi ne na dare, amma sai a 1992 aka gan shi ƙiri-ƙiri yana tsotsar furen.

Abin da wannan ya nuna shi ne, hulɗar halittu ba kara-zube take ba. Idan aka zana kowane tsiro da kowane ƙwaro ko tsuntsu a takarda, aka ja layi tsakanin masu amfanar juna, za a sami wani abu kamar komar masunta. Siffar jiki ita ke yanke inda zare zai ɗauru da inda ba zai ɗauru ba. Tsuntsu ba ya haɗiye ɗan itacen da ya fi bakinsa faɗi, saboda haka ba zai yaɗa irinsa ba. Lokaci ma haka: furen da ke buɗewa da dare ba shi da rabo a wurin ƙwaron da ke yawo da rana kaɗai.

A 2003, Jordi Bascompte na ƙasar Sifen da abokan aikinsa suka auna irin wannan saƙa guda 52, suka tarar da tsari iri ɗaya. Akwai 'yan tsirarun halittu masu hulɗa da kowa, kamar ƙudan zuma, su ne ginshiƙi. Masu zaɓe kuwa, watau waɗanda siffarsu ta taƙaita su, galibi a jikin waɗannan suke rataye. Ba safai mai zaɓe ke dogara ga mai zaɓe ɗan'uwansa ba, sai irin ɓaure, wanda kusan kowane jinsinsa ke da nasa ɗan mitsitsin ƙwaro da ke shiga cikinsa ya kai masa garin fure.

To, a nan ne batun ya shafi ma'aikacin gandun daji a ƙasar Hausa. Furen kuka fari ne, babba, yana reto a doguwar igiya nesa da ganye, yana buɗewa da almuru, da warin da mutum ba ya so. Duk waɗannan siffofi sun dace da jemage mai cin 'ya'yan itace, wanda ke bukatar fili ya sauka cikin duhu. Tutun ɗorawa ma haka yake reto, jemage na cikin manyan masu ziyartarsa. Saboda haka idan aka sare itatuwan da jemagu ke kwana, ko aka kore su daga gari, zare biyu aka taɓa lokaci guda: kuka za ta iya rage 'ya'ya, ɗorawa kuma ta rage kalwar da ake daddawa da ita.