Gambar Shika a ƙasar Brazil

Na fi shekara talatin ina kiwon Bunaji da 'yan Bokoloji a gefen gonata, amma sai da na je Brazil na ga ana shuka ciyawa da taki kamar dawa. Cikin watan Agusta muka tashi daga Campo Grande, babban birnin jihar Mato Grosso do Sul. A gida damina ta yi tsakiya, su kuwa rani ne tsantsa. Ƙasa ja, iska busasshiya, itatuwa gajeru masu karkatattun rassa. Ba don harshen Fotugis da direba ke yi ba, da na rantse tsakanin Zariya da Funtuwa nake. Wannan dajin suke kira Cerrado.

Shanunsu farare ne masu tozo, ana ce musu Nelore, asalinsu daga Indiya. Ƙasar tana da shanu sama da miliyan 200, kuma babu ƙasar da ta kai ta fitar da naman shanu. To, ni ba yawan ne ya tsayar da ni ba. Abin da suke ci na zo gani.

Mai gonar da ya sauke mu ya durƙusa ya tsinko wata ciyawa mai kauri, ya ce sunanta Brachiaria, daga Afirka aka kawo ta. Na gyaɗa kai kawai. Da muka ƙarasa wani fili mai tsakuwa sai na tsaya cik, domin gamba ce tsaye har ƙirjina, gambar da muke yanka mu yi zana da ita. Irin da hukumar binciken noma ta Embrapa ta fitar a 1980 da sunan Planaltina, tsatsonsa daga tashar bincike ta Shika yake, nan kusa da Zariya, ya bi ta Kolombiya ya shigo musu. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Ƙasar Cerrado ba mai albarka ba ce tun asali, tsami gare ta. Sai sun niƙa dutsen farar ƙasa sun barbaɗa, sun bi da takin fosfet, kafin ciyawa ta kama. Sannan su raba makiyaya da waya gida-gida: garke ya cinye wannan, a mai da shi wancan, na baya ya huta ya toho. Kowane gida da kwamin ruwa da na gishiri. Saniya ba ta ƙone kitsenta wajen tafiyar neman abinci. Ƙudan tsando ma babu shi a nahiyar, wannan kam sa'a ce.

Sai dai ban dawo da son zuciya ba. Mutum ɗaya na riƙe da dubban hektoci, kuma daji mai yawa aka sare kafin a samu filayen. A wurinmu da gona ke manne da gona, burtali ma ya zama abin rigima, wa za a tasa a ba wa?

Da na dawo na kewaye hekta biyu a bayan gonar masarata, na zuba irin gamba da ruwan farko. Maƙwabcina ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Alhaji, ciyawar da muke biyan yara su nome ita kake shukawa?" Na ce masa ya dawo watan Maris.