Hayaƙin kwal daga Nijar: Me ya shafi Tambuwal da Kebbe?

Babu tashar lantarki mai ƙona kwal a Jihar Sakkwato. Wutar da ke isa Tambuwal da Kebbe, idan ta samu, daga babban layin ƙasa take zuwa, wanda ya dogara da iskar gas da madatsun ruwa irin su Kainji.

A ƙetaren iyaka kuwa, tun 1981 kamfanin SONICHAR ke ƙona kwal a Anu Araren, yankin Agadas. Nijar ta kuma daɗe tana shirin gina tasha mafi girma a Salkadamna, cikin Jihar Tahoua mai maƙwabtaka da Sakkwato. Katse mata wuta da Najeriya ta yi a 2023 ya ƙara mata hujja.

Hayaƙin kwal na ɗauke da gubar farar wuta da zaiba, da ƙura mai laushi da ke kutsawa cikin huhu ta tayar da asma. Wannan ƙura kan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take kaɗowa.

A Najeriya, dokar 1992 ta wajabta tantance illar irin wannan aiki kafin a soma shi, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 kuma ke sa ido kan gurɓata iska. Sai dai ikonsu a iyakar Illela ya tsaya.