Darasin salula a aji: a tsaya a bincika kafin a tura

Jama'a, yau salula ta shiga hannun ƴan lakol. Wanda bai da tasa, yana aron ta iyaye da dare. Shi ya sa ya kamata malamai su koya ma yara ladabin intanet kamar yadda suke koya musu lissafi.

Darasin bai buƙatar kwamfuta, allo da alli sun isa. Malam ya kunna saƙon murya irin mai yawo a WhatsApp, ya tambayi aji: Wa ya yi maganar? Yaushe, a wane gari? In ƙarya ce, wa za ta cuta? In babu amsa, kada a tura.

A koya musu kuma cewa ba a watsa hoton mutum sai da izininsa.

Abin ba wasa ba ne. Tun 2019 Nijar ke da dokar laifukan intanet, a 2024 kuma aka maido da hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna.

Ƴan uwa na ƙetare masu aiko ma yara salula, in kun kira gida, ku riƙa tambayarsu abin da suke turawa.