Wa ke duba mai duba aikin ɗalibai?

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, da burin horar da matasa miliyan 3 a fannin fasahar zamani, ake ta tambayar wa zai duba aikin ɗimbin masu koyon rubuta manhaja. Amsar da aka fi ji ita ce a bar wa kwamfuta, wai ita ba ta son kai, ba ta kuskure.

Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya. Abin da ke duba aikin ɗalibi wasu ƙananan gwaje-gwaje ne da mutum ya zauna ya rubuta. Ko check50, wanda ake amfani da shi a darasin CS50 na Jami'ar Harvard, iya abin da malamai suka sa masa yake dubawa.

A ce an umarci ɗalibi ya rubuta manhajar da ke tara lambobi biyu, mai gwajin kuma 2 da 2 kawai ya gwada. Wanda ya ninka maimakon tarawa ma 4 zai samu, ya wuce da kuskurensa. A wani gwajin kuma, ɗalibi ya yi daidai, amma a harshen Python 0.1 da 0.2 suna ba da 0.30000000000000004, gwajin yana jiran 0.3 cif, sai a kayar da shi. Tamkar mudun da aka bubbuge gindinsa ne: kowa aka auna wa an ƙware shi, mai awon ma bai sani ba. Ko telan da ya auna kafaɗa kaɗai ya yanka yadi.

Sabon malami, ko mai aikin sa-kai, daga littafin jagora yake koyon rubuta gwajin. A nan gizo ke saƙa. Sau da yawa jagorar takan tsaya kan yadda za a kunna gwajin, ta yi shiru kan tarkunan: sifili, lambar da ke ƙasa da sifili, gurbin da aka bari fanko, manhajar da ta ƙi tsayawa. Ya kamata ta kawo cikakken misali, ta umarci marubuci ya fara gwada gwajinsa da amsar da ya san ba daidai ba ce. Ta kuma koya masa rubuta saƙon faɗuwa. Yarinyar da ke koyo a waya, datarta na ƙarewa, kalmar "kuskure" kaɗai ba ta amfane ta ba. A gaya mata abin da aka shigar, abin da ake jira, da abin da manhajarta ta fitar.

Masu shirya horo sukan ware kuɗin kwamfutoci da bikin buɗewa. Da wuya ka ji an ware wa mai rubuta jagorar ko albashin wata guda.